Na'urar da Aka Koya wa Mantuwa

A wajajen shekarar 1990, babbar damuwar ma'aikatan ɗakin binciken kamfanin Olivetti da ke Cambridge a Ingila ba ta wuce wayar tarho ba. Lokacin wayar hannu ba ta zama ruwan dare ba. Kira yakan shigo ta teburin mai karɓar baƙi, daga nan a tura shi ofishin wanda ake nema. To, masu bincike ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Wanda ake nema yana ɗakin gwaji, ko yana ofishin abokin aikinsa ana tafka muhawara, ko ya tafi haɗa shayi, waya kuwa tana can tana ta ruri a kan teburin da babu kowa.

Roy Want da Andy Hopper da abokan aikinsu suka fito da dabara. Wani ɗan bajo ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa santimita 5 da rabi, nauyinsa giram 40, ana maƙala shi a gaban riga. Duk bayan daƙiƙa 15 sai ya tofo wata lamba tasa shi kaɗai ta hanyar haske marar ganuwa, irin wanda rimot ke aika wa talabijin. A bangon ofisoshi da lunguna kuma an kakkafa 'yan na'urorin da ke cafke lambar su miƙa wa kwamfuta. Da yake irin wannan haske ba ya ratsa bango, duk ɗakin da aka ji bajo, to mai shi yana ciki. Mai karɓar baƙi na duban allo sai ga suna, ga ɗaki, ga lambar tarhon da ya fi kusa. Suka raɗa masa suna Active Badge. Kafin a jima ya bazu zuwa sashen kwamfuta na jami'ar Cambridge da ɗakin binciken Xerox PARC a Kalifoniya.

Hankalin mutane bai kwanta da shi ba. A 1992 jaridar New York Times ta danganta bajon da duniyar da George Orwell ya zana, inda hukuma ke sa ido kan kowa dare da rana, kuma ko a cikin masu binciken akwai waɗanda suka ce su kam ba za su sa ba. Wanda ke riƙe da wayar zamani yau zai iya yi musu dariya, domin duka-duka abin da bajon ya sani shi ne ɗakin da kake. Bai san bugun zuciyarka ba, ba ya jin hirarka, bai san inda ka kwana ba. Ni dai ban ga abin dariya ba. Tsoron nasu ya yi rana, domin shi ya tilasta wa maƙeran su ɗaura wa abin linzami tun yana ƙarami.

Da farko dai abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. In ba ka so a san inda kake, sai ka cire shi ka jefa a aljihun tebur, kuma an yi shi ne yadda in ya shiga duhu zai yi lamo. Sa'an nan jerin sunayen nan ba na manya kaɗai ba ne. Kowane ma'aikaci yana iya buɗe shi a kwamfutarsa, kuma Hopper, wanda ke shugabantar ɗakin binciken, shi ma yana cikin masu sawa. In oga na ganinka, kai ma kana ganin oga. Da ka fita daga ginin kuwa, zance ya ƙare.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar awa ɗaya. Akwai umarnin da za ka ba kwamfutar ta nuna maka wuraren da wani ya bi, sai dai iyakar tunaninta awa guda ce. Abin da ya wuce haka ya tafi ke nan, domin da gangan suka ƙi rubuta bayanan a faifan ajiya na dindindin. Sun kuma faɗi dalilinsu a takardar da suka wallafa a 1992: don kada ma'aikata su zauna cikin fargabar ana tara tarihin zirga-zirgarsu. A duba abin da wannan 'yar shawara ta toshe. In wata rana aka kawo sabon manaja mai neman laifi, ya ce a nuna masa wanda ya fi daɗewa a wurin shayi cikin watan jiya, babu. In ɓarawo ya kutsa cikin kwamfutar, abin da zai samu bai fi na awa ɗaya ba. In ɗan sanda ya zo da takardar kotu, haka za a ba shi haƙuri. Ma'aikaci ba ya buƙatar ya yarda da kirkin kowa, domin ko mai mugun nufi ya zo ba zai tarar da abin ɗauka ba.

A can Xerox PARC, mutumin da ya hango inda wannan hanya ta nufa shi ne Mark Weiser. A watan Satumba na 1991 ya wallafa wata maƙala a mujallar Scientific American kan kwamfutar ƙarni na 21. Hujjarsa ita ce fasaha ba ta cika ba sai ranar da aka daina lura da ita, kamar yadda ba wanda ke tsayawa yana mamakin rubutun da ke jikin kwali ko allon kan hanya. Ya ce kwamfuta za ta bar kan tebur ta narke cikin bango da ƙofa da tufafi, ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, kowace tana sansano wanda ke kusa da ita. A cikin maƙalar dai ya yi kashedin cewa in irin wannan tsari ya faɗa hannun da bai dace ba, mulkin kama-karyar da aka sani a baya zai zama wasan yara. Ya sa rai kyakkyawan tsari da dabarun ɓoye saƙo za su tare ɓarnar. Weiser ya rasu a watan Afrilu na 1999 yana da shekara 46, shekara takwas kafin iPhone ta fito.

Sai dai akwai wata ƙaya a cikin burin nasa da ba a cire ta ba har yau. A 1993 wasu masu bincike biyu, Victoria Bellotti da Abigail Sellen, da ke aiki a reshen Xerox na Cambridge inda aka saka kyamarori da makirfo a ofisoshi don gwaji, suka ce abu biyu ne ke tsare sirri a irin wannan wuri: mutum ya san lokacin da ake ɗaukar bayaninsa da wanda ake kai wa, kuma ya kasance yana da ikon hanawa. To yaya za ka hana abin da aka ƙera musamman don kada ka lura da shi? Duk nasarar da aka samu wajen ɓoye na'ura, daga aljihun mai neman a tambaye shi izini aka cire ta.

Wayar hannu ce ta fara tsinke linzamin. Tana magana da ƙarfen sabis ko kana kira ko ba ka yi, domin ta haka ne kira zai same ka, kuma kamfani yana rubutawa. Wani ɗan siyasar jam'iyyar masu kare muhalli a Jamus, Malte Spitz, ya kai kamfanin Deutsche Telekom ƙara sai an ba shi abin da aka tara a kansa. Aka miƙo masa layi sama da 35,000 na wata shida kacal, daga Agusta 2009 zuwa Fabrairu 2010. Jaridar Die Zeit ta ɗora su a taswira a 2011, sai ga rayuwar bawan Allah a fili: jirgin ƙasan da ya hau, garin da ya sauka, lokacin da yake barci.

Amsar da kamfanoni suka saba bayarwa ita ce sun goge sunaye. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa suka gwada wannan magana da bayanan wayar mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, babu suna ko ɗaya a ciki. Suka gano cewa in ka san wurare huɗu da mutum ya kasance da lokutan da ya je, za ka iya ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, kowa shi kaɗai. Ba abin mamaki ba ne in an yi tunani. Mutum nawa ne ke kwana a layinku, su yini a ma'aikatarku, su yi Juma'a a masallacin da kake yi, su kuma leƙa unguwar surukanka ran Lahadi?

Labarin Strava ya fi wannan ban tsoro, domin babu wanda ya karya doka a cikinsa. Strava manhaja ce ta masu motsa jiki. Kana gudu ko tuƙa keke, agogon hannunka ko wayarka na zana hanyar da ka bi. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin ya haɗa zirga-zirga biliyan ɗaya ya fitar da taswirar duniya, inda hanyar da aka fi bi ta fi haske. Babu sunan kowa, abin ado ne da talla. A Landan ko New York ba ka ganin komai sai haske ya cakuɗe. Amma a watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya leƙa hamadar Siriya, inda ya kamata a ga duhu, sai ya ga 'yan zobba masu haske a tsakiyar daji. Wa ke sa agogon motsa jiki yana zagaye fili ɗaya kullum a irin wannan wuri? Sojojin ƙasashen waje ne ke gudun safe a cikin sansanoninsu. Cikin 'yan kwanaki masu bin diddigi suka zaƙulo irinsu a Afganistan da Jibuti da yankinmu na Sahel, har da hanyoyin da ake bi tsakanin wani sansani da wani. A watan Agusta na shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen daga kunna abin da ke nuna wuri a na'urorinsu.

Kowane soja a cikinsu ya amince da abu ɗaya ne, a auna masa gudunsa. Babu wanda ya amince a zana taswirar sansani, kuma babu wanda aka tambaya, domin bayanin da ya fallasa su ba ya cikin agogon kowa. Sai da aka tara aka haɗa ya bayyana. Shi ya sa nake ganin akwatin nan da ake cewa a danna don nuna amincewa ya zama al'ada kawai. Mutum yana sa hannu a kan abin da ya bayar yau, alhali ɓarnar tana cikin abin da za a haɗa shi da shi baɗi. Darasin ma bai zauna ba: a 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta bi sawun masu tsaron lafiyar wasu shugabannin ƙasashe, ciki har da Emmanuel Macron, ta wannan manhaja dai.

Cikin gida kuwa abin ya zo da sauri. A 2017 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kama kamfanin Vizio yana tattara abin da ake kallo a talabijin miliyan 11, daƙiƙa bayan daƙiƙa, ba da sanin masu su ba. Tarar da ya biya dala miliyan 2.2 ce, wato kimanin santi 20 a kan kowace talabijin. Mai lissafin riba zai ce cinikin ya yi. A 2018 wata lasifikar Amazon Echo a birnin Portland ta naɗi hirar mata da miji ta aika wa wani da ke cikin jerin lambobinsu, saboda ta ji wasu kalmomi ta ɗauka umarni ne. A 2023 kamfanin kyamarorin Ring ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar ta zarge shi da sakaci, har wani ma'aikacinsa ya shafe watanni yana kallon bidiyon mata a ɗakunan kwanansu. Mutanen nan don tsaro suka sayi kyamarar.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato wanda bai sayi komai ba. Gidan Bahaushe na gargajiya ya san da zamansa. Zaure yana gaya wa baƙo iyakarsa, yana kuma gaya wa mutanen gida inda idon baƙo ya tsaya. Ana sallama, a jira amsa, kowane ɓangare ya san an gan shi ko ba a gan shi ba. Na'urar da ke sauraro a falo ba ta da zaure. Maigida ne ya saye ta, shi ya danna amincewa, amma tana jin matarsa da yaransa da 'yar aiki da maƙwabciyar da ta shigo kawo ƙorafin mijinta. A cikinsu babu wanda zai iya cire ta ya sa a aljihun tebur, kuma babu wanda ke ganin mai kallonsa. A gidan da ake zaman doya da manja, wanda ke riƙe da lambar sirrin kyamara ya samu makami.

Annobar korona ce ta ba mu gwaji mafi tsabta, domin ƙasashe sun tunkari matsala ɗaya ta hanyoyi biyu. Singafo ta fito da manhajar TraceTogether a watan Maris na 2020, wadda ke rubuta wayoyin da suka kusanci juna ta Bluetooth, kuma in mutum ya kamu sai ma'aikatar lafiya ta karɓi bayanan ta gane su waye. Ministoci suka tabbatar wa jama'a cewa don bin sawun cuta kawai za a yi amfani da su. Mutane suka yarda, kusan kashi 80 cikin 100 suka shiga. A watan Janairu na 2021 wani ƙaramin minista ya shaida wa majalisa cewa 'yan sanda suna da ikon karɓar bayanan a ƙarƙashin dokar binciken laifuka, har aka ji an riga an nema a wani binciken kisan kai. Ba lallai ne ministocin sun yi ƙarya da gangan ba. Tsohuwar doka ce ke nan zaune, ta fi alkawarinsu ƙarfi. Sai a watan Fabrairu aka yi gaggawar kafa dokar da ta taƙaita abin ga manyan laifuka iri bakwai.

Tsarin da Apple da Google suka fitar a daidai wannan lokaci ya bi ɗaya hanyar. A wancan tsari, wayoyi suna musayar lambobin da ba su da ma'ana, waɗanda ke sauyawa duk bayan minti 10 zuwa 20, suna zaune a cikin wayar mai ita, su goge kansu bayan kwana 14. Wayarka ce ke duba ko ta haɗu da lambar wanda ya kamu, ita ce ke gaya maka. Babu rumbun da ke riƙe da jerin wa ya gana da wa. Jamus ta koma wannan tsari a watan Afrilu na 2020, Birtaniya ta biyo baya a watan Yuni bayan nata ya ba ta wahala. Ba kyauta aka samu hakan ba. Jami'an lafiya sun yi ƙorafin cewa an rufe musu ido, ba sa ganin inda cuta ke yaɗuwa, kuma ƙorafinsu yana kan hanya. Akwai ma abin dubawa a ce kamfanoni biyu ne ke gindaya wa gwamnatoci sharaɗi. Duk da haka, in aka ce in zaɓa, zan ɗauki tsarin da ba ya iya cin amana a kan wanda ya rantse ba zai ci ba. Minista yana sauka, kamfani yana sauya hannu, doka tana canzawa, rumbun bayanai kuwa yana nan yana jiran wanda zai gaje shi.

A kan wannan gaɓa ce Ann Cavoukian, tsohuwar kwamishinar kare sirri ta lardin Ontario a Kanada, ta ajiye aikin ba da shawara a 2018. Kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, yana shirin gina unguwa mai cike da na'urorin sansano motsi a bakin ruwan Toronto, ita kuma ta nace sai an cire duk abin da ke nuna ko wane ne tun a wurin ɗauka, kafin bayani ya je ko'ina. Da ta ga ba za a ɗaure kowa da kowa da wannan sharaɗi ba, ta kama gabanta. An watsar da aikin a watan Mayu na 2020.

A Najeriya mun shigo wannan zamani ta ƙofar waya. Tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ma'ana sawun da ƙarfen sabis ke rubutawa yanzu yana ɗauke da suna da hoto da zanen yatsa. Dalilin da aka bayar shi ne tsaro, kuma wanda ya san abin da masu garkuwa da mutane suka yi wa yankinmu ba zai raina wannan dalili ba. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta tanadi cewa kada a tara fiye da buƙata, kada kuma a riƙe fiye da lokacin da ya kamata. Kalmomin sun yi kyau. Abin da nake so in ji daga bakin duk mai kafa kyamara a kasuwa ko makaranta ko rukunin gidaje shi ne adadi: kwana nawa hoton zai yi kafin ya goge kansa, a ina yake kwana, kuma mutum nawa ke da mabuɗinsa. Dokar ma ta ware abin da mutum ke yi a gidansa don amfanin kansa, muddin bai keta haƙƙin sirrin wani ba, don haka 'yar aikin da aka saita wa kyamara a kicin sai dai ta dogara da tsoron Allahn uwar ɗakinta.

Ko mitar wuta ba a bar ta a baya ba, kuma a kanta ne aka ga cewa jama'a na iya taka birki. Gwamnatin Holan ta so ta wajabta wa kowane gida mitar zamani mai ɗaukar lissafin lantarki duk bayan minti 15, wanda ya ƙi kuma a ci shi tarar da za ta iya kai yuro 17,000 ko ɗaurin wata shida. Ƙungiyar kare masu sayayya ta ƙasar ta sa masana shari'a na jami'ar Tilburg suka duba, suka nuna cewa lissafi mai yawa haka yana bayyana lokacin da aka tashi, da lokacin da aka kwanta, da ranar da gida ba kowa, kuma hakan ya ci karo da yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. A 2009 majalisar dattawan ƙasar ta ƙi amincewa. Dokar da ta fito a 2011 ta ba mai gida damar ƙin karɓar mitar, ko ya karɓa ya ce a kashe ɓangaren da ke aika bayani. Wanda bai ce komai ba kuwa, dokar ta lokacin ta ce sau ɗaya a wata biyu za a riƙa karanta tasa daga nesa, iyakar abin da ake buƙata don a rubuta masa takardar kuɗin wuta.